Filatilet ɗin yarona ya sauka, wai kansar jini ce? Amsa ga wata uwa a Agege

Tambayar da ta aiko: "Likita salamu alaikum. Yarona watansa takwas, sati uku kenan zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, sau biyu ana ba shi maganin maleriya. Yanzu ya yi fari fat, baya kama nono sosai, cikinsa ya ɗan taso, ga wasu ɗige-ɗige ja a ƙafarsa da inda famfas ke matse shi. Mun yi gwaji a wani leb nan Agege an rubuta PLT 34, PCV 19, WBC 58. Na duba a waya naga ana ta cewa kansar jini. Kakarsa ta ce haƙori ne kawai, a kira wanzami ya duba masa beli. Dan Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ni likitar yara ce kuma nan Legas nake aiki, irin takardar nan ta wuce ta hannuna ba sau ɗaya ba, saboda haka bari na fara da abin da ba ya jira kafin na shiga dogon bayani. Yaron nan yau ya kamata ya kwana a asibiti. Daga Agege LASUTH da ke Ikeja ta fi miki kusa, ko kuma LUTH a Idi-Araba, dukkansu asibitocin koyarwa ne masu imajensi na yara da likitocin jini. Kar ki jira ranar kilinik, kar ki ce sai babansa ya taso daga kasuwa da dare, ki kira shi ya same ku can. Sauran bayanin nan kya iya karantawa a cikin mota.

Toh yanzu maganar filatilet. Wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne a cikin jini, su ne ke fara toshe wuri in an ji ciwo kafin jini ya daskare. A ɓargo ake yin su, kwana 7 zuwa 10 suke yi su mutu wasu su maye gurbinsu, kinga kenan in ɓargo ya daina aiki cikin sati ɗaya zuwa biyu za a gani a takarda. Mai lafiya, jariri ne ko babba, yana da 150,000 zuwa 450,000, a takardar leb sukan yanke sifilin su rubuta 150 zuwa 450. Naki, inda aka rubuta PLT, 34 ne, wato 34,000. Ƙasa da 50 ɗan bugu kaɗan zai iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, in ya kai ƙasa da 20 ko 10 kuwa jini yana iya ɓallewa da kansa ba tare da an taɓa yaro ba, wanda muka fi tsoro shi ne na cikin kai.

Abin da nake so ki riƙe da kyau, saukar filatilet ita kaɗai ba ta nufin kansar jini. A garin nan in aka kawo min yara goma da filatilet ƙasa, yawancinsu wani abu ne daban. Maleriya ita ce kan gaba, tana saukar da shi sosai kuma da an yi magani daidai cikin ƴan kwanaki yake hawa. Ƙwayar cuta in ta shiga jinin jariri tana cinye shi. Cututtukan bairos suna yi, har da dengi da mutane ke ɗauka maleriya ce. Akwai wata da muke kira ITP, garkuwar jikin yaron ce ke farfasa filatilet ɗinsa bayan ya yi mura ko mashassara, shi wannan yaron zaki gan shi garau yana wasansa yana tsotson nono, ɗige-ɗigen ne kawai, sauran jininsa lafiya lau, kuma yawanci yakan warke da kansa. Wani lokacin ma laifin kwalbar gwajin ne, filatilet ɗin su dunƙule wuri ɗaya inji ya kasa ƙirga su, ya fitar da lamba ta ƙarya. Da PLT ɗin ne kawai ya sauka da hankalina bai tashi haka ba.

Amma ba zan ɓoye miki ba, takardarki layi uku ne suka motsa lokaci ɗaya, kuma shi ya sa na ce yau. PCV yana nuna yawan jan jini, yaro mai wata takwas ya kamata ya kai 33 ko sama, naki 19. WBC fararen ƙwayoyi ne, sojojin jiki, a wannan shekarun tsakanin 6 zuwa 17 da ɗan wani abu suke, naki 58. Jan jini ƙasa, filatilet ƙasa, fararen sun yi sama sosai, ga ciki ya taso, ga zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya har sau biyu. Duk likitan yaran da ya ga wannan haɗin dole kansar jini ta shigo ransa kuma dole ya neme ta har ya tabbatar akwai ko babu.

Ki ɗauki ɓargo kamar gonar da aka shuka gero da dawa da wake. A kansar jini, wadda muke kira lukimiya, wata ɗanyar farar ƙwaya ce da ba ta nuna ba take ta haihuwar kanta ba tsayawa, kamar ciyawa a gonar da ba a yi wa noma ba, sai ta rufe duka ukun. Jan jini ya ragu, yaro ya yi fari ya riƙa gajiya. Filatilet ya ragu, jini ya riƙa fita. Fararen ƙwayoyi na kirki su ragu, zazzaɓi ya ƙi ƙarewa. Wannan 58 ɗin da kika gani in lukimiya ce ba sojoji bane, ɗanyun ne, mu muna ce musu bilas, inji yana ƙirga su a matsayin farare amma ko sauro ba sa iya karewa. In sun cika ɓargo sai su malala hanta da saifa, shi ne cikin ke tasowa. Kuma ki sani ba kullum WBC ke hawa ba, wani yaron nasa daidai yake ko ma ƙasa kuma yana da cutar, na faɗi wannan ne saboda sauran iyaye masu karantawa.

Alamomin a jariri suna da wuyar kamawa don shi ba baki gare shi ba, kuma fatarmu tana ɓoye abubuwa da yawa, hotunan da kike gani a intanet yawanci na fararen yara ne. Ki kai shi bakin taga ko tsakar gida inda akwai hasken rana, fitilar caji tana yaudara. Ki sa babban yatsa ki ja fatar idonsa ta ƙasa a hankali, cikin ya kamata ya zama ja jawur, in kika ga ya koma kamar ruwan shinkafa toh jini ya yi ƙasa sosai. Ki buɗe tafin hannunsa ki ɗora kusa da naki ki kwatanta, ki duba harshe da tafin ƙafa. Ɗige-ɗigen kuma ki ɗauko kofin gilashi ki danna gefensa a kansu ki leƙa ta ciki. Ƙurajen zafi da cizon sauro suna dusashewa in an danna, kuma in kin shafa zaki ji tudu. Na jini suna nan yadda suke ƙarƙashin gilashin, a shafe suke ba tudu, ba ƙaiƙayi, kamar an ɗiga jan biro da bakin allura. Sun fi fitowa inda ake matsewa, bakin famfas, inda zanin goyo ke ɗaure shi, ƙafafu, da fuska in ya sha kuka. A baƙar fata an fi ganinsu a cikin baki, ganɗa da cikin leɓe, da farin ido.

Sauran abin da ake lura da shi: jini ya kwanta a baya ko ciki ko kumatu alhali bai faɗi ba, musamman yaron da bai fara rarrafe ba, shi bai da dalilin samun irin wannan. Haɓo, jini a dasashi ko a kan nononki bayan ya tsotsa, wurin allura ya yi ta tsatsafa. Ya kama nono ya saki yana haki yana gumi. Kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi wadda ba ta ciwo kuma ta ƙi sauka. Kuka in an ɗaga shi ko an miƙe masa ƙafa, wannan ciwon ƙashi ne, babban yaro zai ce ƙafata ko ya fara ɗingishi, jariri kuka kawai zai yi ya ƙi a taɓa shi. Akwai kuma waɗanda jarirai suka fi yi fiye da manyan yara, ƙulli-ƙulli masu tauri a ƙarƙashin fata masu launin shuɗi-shuɗi ko kamar ja mai duhu, kumburin dasashi, ido ɗaya ya turo waje, ko a namiji ƙwan marainansa ɗaya ya kumbura ba ciwo. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan ki nuna wa likita da yatsa, kar ki jira sai ya gano da kansa.

In kuwa a hanya ko kafin ku fita kika ga maɗigarsa ta taso ta yi tauri, yana amai ba tsayawa, barci ya yi nauyi ya ƙi farkawa, ko jijjiga, ko kashi baƙi kamar kwalta, ko fitsari ja, toh wannan ba maganar jiran danfo ya cika bace, ki ɗauki shata ko ki kira 112 ko 767, kuma da kin isa ƙofa ki faɗa wa nas ɗin farko cewa filatilet ɗinsa 34.

Akwai wani abu da nake fatan ya zama shi ne, ko da yake shi ma gaggawa ne. Ba ki faɗa min jinotayif ɗinku ba ke da babansa. Sikila tana fara nuna kanta ne daidai wannan lokacin, daga wata shida zuwa sama, kuma akwai yanayin da saifa ke zuƙe jinin yaro ta kumbura, ya yi fari, filatilet ya sauka, ciki ya taso, inji kuma ya ƙirga ƴaƴan jan jinin da ba su nuna ba a matsayin WBC lambar ta hau. Muguwar cuta a jini ma tana iya cilla WBC sama. Shi ya sa ba wanda zai iya yanke miki hukunci ta waya, ko ni. Abin da zai raba gardama shi ne a shafa ɗigon jininsa a kan gilashi a rina shi likitan jini ya duba da idonsa a madubin leb, shi muke kira fim ɗin jini. Gwaji ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da sauran, kuma sau da yawa a rana ɗaya ake sanin inda aka dosa. Ki tambaya da bakinki, an duba fim ɗin jininsa? Kuma ki tuna musu a ɗebi jinin fim da na jinotayif kafin a ƙara masa jini, don in jinin wani ya shiga jikinsa jinotayif ɗin zai ruɗe na tsawon watanni.

In an ga bilas a fim, mataki na gaba gwajin ɓargo ne. Nasan sunan kaɗai yana tsorata iyaye, na sha ganin uba ya miƙe tsaye ya ce shi ba za a huda masa ƙashin ɗa ba. Ga yadda ake yi: ana ba yaro maganin barci da na kashe zafi, a sa allura a ƙashin ƙugu ta baya, a ƙananan jarirai wani lokacin a ƙashin ƙwauri, a zuƙo ɗan kaɗan da bai kai cokalin shayi ba, a danne wurin a manna filasta. Mintoci ne. Baya gurgunta yaro, baya ƙarar da ɓargo. Sannan akan ɗebi ruwan baya a duba ko cutar ta kai ga ƙwaƙwalwa, don a jarirai ta fi saurin zuwa can. Da waɗannan ne ake sanin wace iri ce, ALL ce ko AML, kuma maganinsu ba ɗaya bane.

Yanzu maganar Hajiya kakarsa, ki gaishe min ita, ki faɗa mata da ladabi cewa likita ta roƙe ta alfarma. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, baya sa yaro ya yi fari, baya kumbura ciki, baya kawo zazzaɓin sati uku. Kuma da filatilet 34, wallahi in aska ta taɓa maƙogwaron yaron nan jinin zai iya ƙin tsayawa, wuri ne da ba a iya dannewa, jinin yana gangarawa ciki yana shaƙe shi ba a gani ba. Ba cire beli, ba tsaga a kan saifa, ba ƙaho, ba kaciya, ba sakiya, har sai likitan jini ya ce an wuce wurin. Nasan a wajenta ƙauna ce kuma abin da ta gani iyayenta na yi kenan, ki ce ta zo asibitin tare da ku, tofi da addu'a duk ta yi masa a bakin gado, babu mai hana ta, mu ma muna so.

Na kemis kuma ya fi ci min rai. Akwai wata yarinya da aka taɓa kawo mana, ƴar wata goma sha ɗaya, an yi ta yawo da ita kusan wata biyu, wani mai shagon magani ya haɗa mata sirof a ciki har da firednisolon. Zazzaɓi ya sauka, kaluluwa ta baje, ta fara cin abinci, iyaye suka yi ta godiya. Da ta dawo ta dawo da ƙarfi, kuma gwajin farko ya ƙi nuna abin da muke nema sarai, muka ɓata kwanaki muna jira muna maimaitawa. Dalili shi ne firednisolon da dekza suna cikin magungunan da ake kashe bilas da su, in aka ba da su kai tsaye ba tsari sai su lafar da cutar na ɗan lokaci su ɓoye ta, su bar masu taurin kan. Dan Allah duk wanda ya miƙo miki magani kafin a duba fim, ki tambayi sunansa. Kar ki ba shi asfirin ko aibufurofen, suna raunana ɗan filatilet ɗin da ya rage, haka garin haƙori da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Kar a yi masa allura a ɗuwawu ko cinya, jini zai taru a wurin. Farasitamol daidai nauyinsa ba laifi, amma ki rubuta lokacin da kika ba shi. Tonik na ƙarin jini, zoɓo, ugu da madara, babu wanda zai ɗaga PCV 19, kuma ki guji ƙaramin asibitin da zai ce kawo kuɗi a ɗaura masa leda ɗaya ku koma gida, in fararen ƙwayoyi sun yi yawa ƙarin jini a hankali ake yinsa ana lura, sannan ƙarin jini ba tare da an san me ya cinye na farkon ba zuba ruwa ne a kwando. Nono kuma ki ci gaba da ba shi, ko kaɗan-kaɗan ne akai-akai. Rigakafin wata tara na ƙyanda da shawara ya kusa, ki dakata da shi sai likitocinsa sun ba da izini.

In Allah ya ƙaddara ita ce, ga gaskiyar da nake faɗa wa iyaye a ofis. Ba ke kika jawo ba. Ba nononki bane, ba abin da kika ci da ciki bane, ba maita ba, ba a ɗauka daga wani kuma ƴan uwansa ba za su ɗauka a wurinsa ba. A jarirai sau da yawa canjin da ke jawo ta yana faruwa ne tun yaro na ciki, a wani ƙwayar gado mai suna KMT2A, ana samunsa a mafi yawan jariran da ke da ALL, kuma ba daga uwa ko uba aka gada ba. Lukimiya ta fi yawa a yara ƴan shekara 2 zuwa 5, ta ƙasa da shekara ɗaya ba ta da yawa amma ta fi tauri, a ƙasashen da suka ci gaba kusan 90 cikin 100 na manyan yara masu ALL suna warkewa, a jarirai kuwa abin ya tsaya wajen rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara masu kansa sama da 80 cikin 100 ke rayuwa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe da yawa irin namu bai kai 30 ba, shi ya sa a 2018 ta kafa shirin kai shi 60 kafin 2030. Babban abin da ke jawo wannan tazarar ni ina ganinsa da idona, zuwa a makare, da barin magani a tsakiya, yaro ya ɗan murmure bayan watan farko sai a ce ya warke a tafi da shi Arewa ganin dangi, maganin ALL kuwa kusan shekara biyu ake yinsa. Waɗannan biyun suna hannunku. Masu jariri mai Dawun sindirom su kuma su sani, kusan ɗaya cikin goma ana haifarsu da wani abu mai kama da lukimiya wanda yakan wuce da kansa cikin wata uku, amma dole a ci gaba da bibiyar jininsu don wasu daga cikinsu tana dawo musu da gaske a ƴan shekarun farko.

Kuɗi kam akwai shi, ba zan yi miki ƙarya ba, gwaji da kimo, wato maganin kansa, da ƙarin jini suna ci. Tun ranar farko ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, babansa kuma ya fara magana da ƴan uwa da mutanen masallacinku da abokan kasuwa a kan bayar da jini, a sami maza lafiyayyu huɗu ko biyar da za a iya kira kowane lokaci. Filatilet baya ajiyuwa kamar jan jini, kwana biyar kawai yake yi a leda, saboda haka samunsa a Legas yakan zama tsere, wanda ya tanadi mutane tun wuri shi ke samun sauƙi.

Ki haɗa jaka yanzu: takardar gwajin nan da duk na baya, katin rigakafi, kwalaben duk maganin da ya sha har na gargajiya ko da sun ƙare, kar ki ji kunyar nuna su ba mai yi miki faɗa. Ki ɗauki hoton ɗige-ɗigen a waya da hasken rana don a kwatanta gobe. In Turanci ko Yarbanci na ba ki wahala ki tafi da wanda zai fassara miki, kar ki gyaɗa kai a kan abin da ba ki gane ba, ki ce a maimaita. In LUTH kuka nufa, Idi-Araba cike take da mutanenmu, ba za ki rasa wanda zai riƙe miki jaka ko inda zaki yi sallah ba. A hanya ki rungume shi a ƙirji maimakon goyo mai matsewa, ki kare kansa daga buguwa a ƙarfen mota. In sakamakon fim ɗin ya fito ki turo min abin da aka rubuta mu karanta tare.